Hannuwa a Kan Tebur

Gwaggona, yayar babana, ta yi shekara talatin da ɗaya tana tsaron jarrabawa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ɗalibi ko ɗaya ya ce yana sonta ba. Mujiya suke ce mata. Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. Idanunta manya ne, gaskiya, ga tabarau mai kauri da ya ƙara musu girma. Takalminta kuma mai ƙasan roba ne, ba ka jin tahowarta, sai dai ka ji numfashin mutum a ƙeyarka. Ni kaina da na girma a ɗakinta, ban san sau nawa ta sa na zubar da shayi ba.

Malamar makaranta ce, tana koyarwa a sauran watannin shekara, amma ba a aji zuciyarta take ba. Da lokacin babbar jarrabawar gama sakandare ya matso, hukumar jarrabawa ta aiko mata da takarda, sai ka ga ta goge rigunanta uku ta rataye su a jere, ta kai agogon hannunta a duba mata shi ko da lafiyarsa ƙalau.

A bene na biyu take zaune, a wani dogon gidan haya, ciki da falo. Mijinta ya rasu tun suna da ƙuruciya, ba su haihu ba, ba ta sake aure ba. Kujera biyu ce a falon, kuma kafin in zo, jaridu ne ke zaune a kan ta biyun. Ba ta shiga ɗakin kowa a gidan. Idan maƙwabciya ta aiko da abinci, sai ta mayar da kwanon yadda aka kawo shi, da godiya. Na taɓa tambayarta dalili, don ni abin yana ba ni kunya, ga shi kuma abincin maƙwabtan ya fi nata daɗi nesa ba kusa ba.

Ta ce, "Kowane ɗaki a gidan nan akwai yaron da wata rana zai zauna a gabana. In na ci na uwarsa yau, da wane ido zan kalle shi ran nan?"

Haka ta rayu. Mutane suna girmama ta daga nesa, kamar yadda ake yi wa wayar lantarki.

Jama'a sun ɗauka aikinta kama masu satar amsa ne. Ita kuwa cewa take yi kama ɓarawo minti biyar ne, sauran awa biyu da minti hamsin da biyar kallon mutane suna tunani ne. A nan kaɗai bakinta yake buɗewa. Mace ce da za ku wuni ba ta yi jimla goma ba, amma in ta dawo daga zauren jarrabawa ta cire takalmi, sai ta zauna ta yi ta ba ni labarin yaran da ko sunansu ba ta sani ba.

"Akwai mai ɗaga kai ya kafe silin da ido," takan ce. "Wannan, shafin littafin yake gani, har da inda mai ya ɗiga a kai. Kada ki tsaya a gabansa, za ki tare masa. Akwai mai motsa leɓe. Muryar malaminsa yake ji yana bi, amma sabon mai tsaro sai ya ce magana yake yi. Yau kuma na ga wani, sai da ya zana duk abin a bayan takardar tambaya, da kibiyoyi da akwatuna, kamar mai shirin gina gida, sannan ya rubuta kalmar farko. Saura minti arba'in! Na ce wannan ya kashe kansa. Wallahi ya riga kowa gamawa."

Ta san duk waɗannan, tana alfahari da saninsu. Akwai iri ɗaya da ba ta sani ba sai da ta yi ɓarna, kuma ɓarnar nan ita ce abin da ta yi sauran shekarun aikinta tana neman gyarawa.

Abin ya faru kafin in zo wajenta, daga bakinta na ji. Ranar takardar ilimin halittu ce. Wata yarinya a layin gefen taga, siririya, rigar makarantarta ta yi mata yawa. Gwaggo ta lura hannun hagunta ba ya zama. Babban yatsa yana bin gaɓoɓin sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya, ta yi rubutu. Ta taɓa gwiwar hannu, ta taɓa kafaɗa, ta yi rubutu. Wata yarinya a layi na kusa ta ɗago ta kalle ta sau biyu. A shekarar kuwa an gargaɗi masu tsaro cewa yara sun ƙirƙiro maganar hannu, yatsa kaza tambaya ta kaza. Gwaggo ta tsaya a bayansu minti goma, ta tabbatar wa kanta, sannan ta rubuta rahoto.

Bayan an tashi aka kira su ofishin shugaban makarantar. Shi, da jami'in hukumar jarrabawa, da Gwaggo. Amsoshin yaran biyu sun zo iri ɗaya a wurare da yawa. Ba wanda ya tsaya ya ce ai amsar daidai dama iri ɗaya ce. Yarinyar layin kusa ta rantse ita ba ta yi komai ba, motsin ne ya dame ta ta kalla. Aka yi mata tambayoyi, ta zubo amsa kamar famfo, aka sallame ta da gargaɗi.

Yarinyar gefen taga ta ce, "Ba alama nake yi wa kowa ba. Haka nake tunawa. In ina karatu, kowane abu akwai gaɓar da nake ba shi. In na taɓa wurin sai ya zo."

Jami'in ya yi dariya. Ya ce, "To madalla. Tunda kin sani, faɗa mana yadda jini yake bi a cikin zuciya."

Yarinyar ta ɗaga hannu za ta fara. Gwaggo ta ce, "Ajiye hannuwanki a kan tebur. Duka biyun."

Ta ce mini ba da mugunta ta faɗa ba, kuma na yarda. A ganinta adalci ke nan, a raba yarinyar da abin da ake zarginta da shi, a ga me ya rage. Yarinyar ta shimfiɗa tafukanta a kan teburin. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta fara, ta kakare a kalma ta uku. Gwaggo ta duba agogo, ta ba ta minti biyu cif. Babu abin da ya fito sai hawaye, su ma ba ta ɗaga hannu ta share ba, don ba a ce ta ɗaga ba.

Aka soke sakamakonta gaba ɗaya, aka hana ta sake zama har shekara uku. Gwaggo kuwa aka aiko mata da takardar yabo, ta sa ta a gilashi ta rataye a falo. Da na zo gidan ina 'yar shekara goma sha biyu, bayan aiki ya kai babana wani gari mai nisa, takardar nan ce kaɗai ado a bangon.

Ni ba haziƙa ba ce, kada in yi wa kaina ƙarya. A aji, malami yana magana ina jin ta tana wucewa ta saman kaina. Amma in na dawo gida na tashi tsaye da littafi, ina zagaya falon, ina zana abin a iska da yatsa, sai ya zauna. Ban san wani abu ne na daban ba. Na ɗauka kowa haka yake yi in ba a kallonsa.

Wata Asabar da rana, ina aji uku, ina haddar manyan koguna da ƙasashen da suke ratsawa. Gwaggo tana gyaran takardun ɗalibanta, ni kuma ina ta kai da komo, hannuna yana malala a iska, yana lanƙwasa inda kogin ya lanƙwasa.

Ta ce, "Ke, kina sa ni jiri. Zauna ki faɗa mini in ji. Kuma ki ajiye hannun nan."

Na zauna, na ajiye. Na fara, na tsaya. Kogin da yanzun nan yake gabana ya ƙafe ƙaf.

Na ce, "Gwaggo, kin ɓatar mini. Bari in yi da hannu."

Ta ajiye jan biron a hankali. Ta ce, "Yi."

Na ɗaga yatsa, sai ga shi ya taho tun daga tushe har teku, ban tsallake ƙasa ko ɗaya ba. Ta taso ta zo ta durƙusa a gabana, ta kama wuyan hannuwana biyu ta danne su a kan cinyata. Ta ce in faɗi na gaba. Na kasa. Ta saki, na faɗa. Ta sake kamawa. Sau uku ta yi haka, a na ukun har ta ji mini ciwo, na fara jin tsoronta. Da ta sake ni, sai ta zauna a ƙasa daɓas, ita da ko gyaran takalmi ba ta yi sai a kan kujera. Ta cire tabarau. Ranar na fara ganin idanunta ba gilashi, ashe ba su kai girman da ake faɗa ba.

Ba ta ci abinci ba ranar. Da yamma ta hau kujera ta sauke takardar yabon, ta tura ta ƙarƙashin gado. Sai washegari ta ba ni labarin yarinyar gefen taga, ta ba ni shi tiryan-tiryan ba ta sassauta wa kanta ko a wuri ɗaya ba. Ta ce, "Shekara takwas ke nan. Sai na nemo ta, a mayar mata da sakamakonta."

Ta ɗauka abu ne mai sauƙi, don ita duk rayuwarta ta yarda da takarda. Ta rubuta wa hukumar wasiƙa cewa rahotonta kuskure ne. Shiru. Ta sake rubutawa. Ta ɗauki hutun kwana ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je ofishin da kanta, ni ina biye da ita. Muka zauna a benci tun safe har aka dawo daga cin abincin rana. Magatakardan da ya saurare mu mutumin kirki ne, har ya miƙe tsaye da ya ji sunanta.

Ya ce, "Malama, takardun amsa shekara biyar muke ajiye su, daga nan sai wuta. Me za a sake dubawa? Kuma ko da suna nan, in aka buɗe wannan, duk wanda kika taɓa kamawa gobe zai zo ya yi layi a nan. Ke fa ake kafa misali da ke. Ki bar shi kawai."

Ta je tsohuwar makarantar, aka ba ta adireshin iyayen yarinyar. Ta je, ta tarar an rushe gidan an yi shaguna. Wani mai gyaran keke a wurin ya ce ya san su, sun tashi da daɗewa, yarinyar ta yi aure, bai san inda suke ba. Ba ta sake zama jarrabawar ba, wannan dai ya tabbata, don Gwaggo ta bi jerin sunaye na shekara huɗu ba ta gan ta ba.

Daga nan sai ta koma kan abin da take iyawa. Duk shekara, a taron da ake yi wa masu tsaro kafin jarrabawa, sai ta miƙe ta ce akwai yaran da da hannu suke tunawa, a lura kafin a rubuta rahoto. Shekarar farko aka saurare ta don girmanta. Ta biyu aka yi murmushi. Daga baya da ta ɗaga hannu sai shugaban taron ya duba agogo, wani daga baya ya ce, "Mujiya ta fara tsufa." Da can tana da abokan aiki biyu ko uku da suke tsayawa su gaisa a bakin ƙofa. Su ma suka ja jiki, don ba wanda yake son zama kusa da mai tuna masa cewa wataƙila shi ma ya taɓa yin irin wannan.

Ni ce na ci ribar abin, kuma wannan yana damuna har yau. Ta ture kujerun falon jikin bango don in sami filin zagaye. Ta saya mini allo ƙarami da alli. Da tawa jarrabawar ta zo, ta je ta sami mai tsaron zaurenmu tun kafin ranar, ta yi masa bayani, ita da ba ta taɓa yi wa kowa magana a kan ɗan wani ba. Na ci, na wuce, na zama malama ni ma. Duk lokacin da na kawo mata sakamako mai kyau, takan ce, "Madalla," ta daɗe tana kallon takardar, kuma na san ba ni take gani ba.

Shekara goma sha biyu ana haka. Sai a shekararta ta ƙarshe, tana haɗa takardun ajiye aiki, aka ce kowace takarda a kawo kwafi biyu. Injin makarantarsu ya lalace, muka tafi wani shagon kwafi a bayan tashar mota, wanda ba mu taɓa shiga ba. Shago ne ƙarami, inji biyu, fanka a bango, warin takarda mai zafi. Matar da ke ciki ta kusa arba'in, ta yi jiki, ta karɓi fayil ɗin ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Nawa-nawa, Malama?"

Gwaggo ta ƙura mata ido. Na juya na ga ta dafa kantar shagon.

Ta ce, "Baiwar Allah, kin gane ni?"

Matar ta ɗaga murfin injin, ta shimfiɗa takarda ta farko. Ta ce, "Tun daga bakin ƙofa. Ko takalmin ba ki canza ba."

"Shekara goma sha biyu ina nemanki."

"To ga ni."

Gwaggo ta shirya maganar nan tun ina aji uku, na sha jin tana maimaita ta a ɗaki. Amma abin da ya fito guntu ne. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa ran nan. Ni ce ban sani ba. Na cuce ki. Ki yafe mini."

Hasken injin ya wuce, ya dawo. Matar ta jira takardar ta fito, ta duba ta, ta ajiye.

Ta ce, "Ai ni na san gaskiya na faɗa, Malama. Ba ni ce mai buƙatar a gaya wa ba." Ta ɗauki takarda ta gaba. "Yafiya kuwa, na yafe tuntuni. Ba don ke ba, don in samu in yi barci."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ci gaba da aikinta. Na lura duk lokacin da injin yake aiki ita tana jira, sai ta harɗe hannuwa ta cusa tafukan a hammata.

A can ƙuryar shagon, bayan kwalayen takarda, akwai tebur ƙarami. Wata budurwa ce zaune da rigar makaranta, littafi a buɗe a gabanta, an danne shafin da abin huda takarda. Zaune take a kan hannuwanta. In za ta juya shafi sai ta zaro ɗaya, ta juya, ta mayar.

Matar ta ga inda muke kallo. Ta ce, "'Yata ce, ta fari. Ita ma haka ta taso. Tun tana aji ɗaya na ga yatsun suna tafiya. Na hana. Da lallashi, da tsawa, har da duka, Allah ya yafe mini. Yanzu dai ta iya zama."

Gwaggo ta ce, "Karatun fa?"

"Yana ba ta wuya. Tana wuni a kai, ba ya zama. Amma ba wanda zai ce ta yi sata. Bana za ta rubuta."

Ban taɓa ganin Gwaggo tana roƙo ba sai ranar. Ta ce a bar yarinyar ta riƙa zuwa wajenta da yamma, wata uku ya isa ta dawo da abin da aka hana ta. Ta jawo ni gaba kamar kayan shaida. Ta ce, "Dubi wannan, irinku ce, 'yar ƙanina. Ga ta malama."

Matar ta kalle ni sama da ƙasa, na ji kamar in nutse. Ta ce, "Ita ai 'yar gida ce, tana da mai yi mata magana. In tawa ta motsa yatsa, ke yanzu za ki bar ta, na yarda. Wanda ke tsaron ɗaya layin fa? In ta ci ta wuce gaba, can ma za ki bi ta? Ke ɗaya ce kika gane, Malama, ke ɗin ma ga takardun tafiyarki ina bugawa."

Muka karɓi takardunmu muka fito. Gwaggo ta koma shagon sau biyu ita kaɗai. A na biyun matar ta ce mata, cikin ladabi, don Allah ta daina zuwa, yarinyar tana firgita.

Sai Gwaggo ta yi abin da bai taɓa shiga tarihinta ba. Ta je hukumar ta nemi alfarma, a tura ta cibiyar da makarantar yarinyar za ta zauna, a matsayin shugabar zaure, kuma a sa ni cikin mataimakanta. Suka yi mamaki, suka ba ta, shekarar ƙarshe ce. A hanya ta ce mini, "Uwar ba zan iya mayar mata da komai ba. Wannan kuwa, in dai ina tsaye a zauren, ba wanda zai taɓa ta. Ta saki hannun kawai, ko sau ɗaya ne, ta ga abin yana nan."

Zauren babba ne, tebur ɗari da ashirin, fankoki shida, biyu ba sa aiki. Yarinyar tana layi na huɗu, kusa da tsakiya. Ranar farko Gwaggo ta karanta dokoki kamar kullum, sannan ta ninke takardar ta ƙara abin da babu a ciki.

Ta ce, "Duk wanda sai ya motsa hannu yake tunawa, ya motsa. Ba laifi ba ne. Ni na ce."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na ji wani yaro a baya ya ce, "Tarko ne." Sauran masu tsaron suka kalli juna. Yarinyar ba ta ɗago ba. Hannun dama yana riƙe da biro, na hagu yana ƙarƙashin cinya. In ta kakare sai ta ajiye biron, ta shimfiɗa tafukan biyu a kan tebur inda kowa zai gani, ta zuba wa takardar ido.

Takarda tara ce cikin mako uku. Kowace safiya Gwaggo tana maimaita maganar. A mako na biyu wasu yara uku ko huɗu suka fara yarda, na ga wani yana kaɗa yatsa a iska yana rubutu da sauri. Ita kuwa wadda aka yi abin dominta, ko gezau. Gwaggo ta gwada yin nesa da layinta don kada ta tsorata ta. Ta gwada tsayawa inda za ta gan ta. A gida ta daina ba ni labarin kowa. Ta cire takalmi ta zauna, shayin ya huce a hannunta.

Ranar ƙarshe, saura minti arba'in, yarinyar ta yi kusan rabin awa ba ta rubuta komai ba. Daga inda nake a bakin ƙofa ina ganin yatsunta a kan teburin, sun yi fari don dannawa. Sai na ga Gwaggo ta tako har gaban layin, ta tsaya daidai saitinta. Ta ɗaga hannun hagunta zuwa ƙirji, ta sa babban yatsa ta fara bin gaɓoɓin sauran yatsun, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a gaban yara ɗari da ashirin da masu tsaro biyar. Da wani ne ya yi wannan, ita da kanta za ta rubuta rahotonsa.

Yarinyar ta gani. Ta kalli hannun, ta kalli fuskar. Ƙaramin yatsanta ya ɗan ɗaga daga kan teburin, na rantse na gani. Sai ta janye hannuwan biyu ta zauna a kansu.

Gwaggo ta ƙarasa wajenta, ta sunkuya. Zauren shiru ne, na ji abin da ta ce. "'Yata, saki hannunki. Ba abin da zai same ki. Don Allah."

Yarinyar ta girgiza kai, idonta a kan takarda.

Da lokaci ya cika, Gwaggo ta ce a ajiye biro, muryarta yadda take kullum. Ni ce ya kamata in karɓi takardun layi na huɗu, amma ta riga ni, na bi ta a baya da ambulan. Da muka zo teburin, yarinyar ta miƙa takardarta da hannu biyu. Shafi huɗu cikin shida ba komai a kansu. Fuskarta kuwa a sake take, irin ta wanda ya sauke kaya mai nauyi. Mako uku ke nan, ranar na fara ganin murmushinta.

Ta ce, "Malama, kin gani ai, ban motsa ba. Har da kika gwada ni ɗazu. Don Allah in Mama ta tambaye ki, ki gaya mata."

Gwaggo ta ce, "Na gani, 'yata. Zan gaya mata."

Ta miƙo mini takardar na sa a ambulan, ta wuce tebur na gaba.